Sojan Najeriya bayan ya ajiye kaki: me yake samu, kuma a ina abin ke maƙalewa?

Dan_Kawo:
Assalamu alaikum. Duk ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni a Abuja, a saki tantabaru, a yi ta yabon 'yan mazan jiya. Amma kuma sai a wayi gari tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi suna neman haƙƙinsu. Masana don Allah ku warware mana: ƙaramin soja da ya yi, a ce, shekara 22 yana aiki, me aka tanadar masa? Wa ke biya? Asibiti fa? In ya rasu, ina makomar iyalinsa?

Malam_Akawu:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sojoji ba sa cikin tsarin fanshon karo-karo da sauran ma'aikatan tarayya ke ciki. An saka su a dokar 2004, aka cire su da gyaran 2011, dokar 2014 ma ta bar su a waje. Saboda haka ba a yankar albashinsu, gwamnati ce ke biya daga kasafin kuɗi ta hannun Hukumar Fanshon Soja da ke Dutsen Alhaji, Abuja.

Lissafin da shekarun aiki ake yin sa. Wanda ya cika shekara 10 yana samun fansho kashi 30 cikin ɗari na albashinsa na ƙarshe, kowace shekara a ƙara kashi 2, har a tsaya a kashi 80 a shekara 35. Garatuti kuma, wato kuɗin sallama da ake biya a dunƙule, yana farawa daga albashin shekara guda cif a shekara 10, ana ƙara kashi 8 duk shekara, har ya kai ninki uku. Mai shekara 22 ke nan fanshonsa kashi 54 ne, garatutinsa ɗan ƙasa da albashin shekara biyu. Wanda aka kora bisa laifi kuwa yawanci ba ya samun ko sisi, shi ya sa abin da aka rubuta a takardar sallama yake da nauyi ƙwarai.

Fayil yakan tashi daga bataliyar mutum, ya bi ta ofishin adana bayanai (na sojan ƙasa yana Lokoja), kafin ya isa hukumar fansho. A hanyar nan ne yawancin jinkiri ke faruwa, kuma dalilan ƙanana ne. Sunan da ke takardar ɗaukar aiki Muhammadu, na BVN Mohammed, na NIN kuma an ƙara sunan gari. Ko ranar haihuwa ta sha bamban. Ko asusun bankin da aka bayar ya daɗe ba a taɓa shi ba har an rufe. Fayil ɗin sai ya koma baya, mai shi yana gida yana jiran alat. A daidaita waɗannan tun ana saura shekara guda a fita, domin gyaran suna a NIN da banki kaɗai yana cin makonni. A kuma ɗauki hoton kowace takarda a ajiye, musamman ta ƙarin girma ta ƙarshe, don da ita ake lissafi. In ba ta shiga fayil ba, samanja zai iya tsintar kansa da fanshon saje.

Bayan an fara biya akwai tantancewa lokaci-lokaci. Wanda bai yi ba, ana iya dakatar da kuɗinsa har sai ya bayyana.

Anti_Nas:
Malam Akawu ya gama da kuɗi, bari in taɓa lafiya, don nan ne na fi ganin gazawa. Kamfanin inshorar lafiyar soja, DHML, yana ɗaukar tsohon soja da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu da 'ya'ya tara ya riga ya san inda lissafin ya tsaya. Ba kai tsaye ake shiga ba: sai ya yi rajista a matsayin mai ritaya, ya karɓi kati, ya zaɓi asibitin da zai riƙa zuwa a garin da ya koma. Da yawa suna barin sunansu a asibitin barikin da suka baro, sai ciwo ya tashi a ƙauye a ce musu ba sa cikin jerin.

In ciwon ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, dole a samo lambar izini daga kamfanin kafin babban asibiti ya karɓa. Wanda ya wuce kai tsaye ba lamba, daga aljihunsa zai biya, kuma dawo da kuɗin wahala ne. Ko da lambar, magani yakan ƙare a kantin asibiti a rubuta wa mutum ya saya a waje. Ga mai hawan jini ko ciwon suga, wannan kowane wata ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda suka dawo daga Arewa maso Gabas. Asibitin soja na 44 da ke Kaduna yana karɓar masu raunin yaƙi, amma ƙafar roba ba abin da ake sawa sau ɗaya ba ne. Dungulmin yana ramewa, kofin da yake shiga ya yi yawa, ya fara goge fata har ya zama gyambo, sai an sake aunawa. Haka wanda ba ya iya barci, ƙarar rufe ƙofa ta sa ya zabura, ko ya koma shan ƙwaya. Wannan ciwo ne mai magani, amma likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne, kuma in mutum ya bar aiki babu mai bibiyarsa. Iyali su kai shi asibiti da wuri, kada a tsaya a kan cewa iska ce.

Dan_Kawo:
Na gode muku. To in tsarin yana nan a rubuce haka, zanga-zangar ta mece ce?

Malam_Akawu:
Ta ariyas ce galibi, wato kuɗaɗen baya da suka taru ba a biya ba. Sashe na 173 na tsarin mulki ya ce a sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka ƙara albashin ma'aikata, wanda ya riga zuwa. Ƙarin yakan fito a takarda, amma sakin kuɗin yana hannun Ma'aikatar Kuɗi, ba hukumar fansho ba, shi ya sa can suke tarewa. Bayan mafi ƙarancin albashi ya koma naira 30,000 a 2019, sai da suka fita titi a 2021 da 2022. Aka maimaita a ƙarshen 2024 da farkon 2025. Ariyas ɗin da aka biya bayan shekara biyu kuwa tsadar kaya ta riga ta rage amfaninsa.

Sai alawus ɗin SDA, wanda ake bayarwa don kada tsohon soja ya yi amfani da horonsa a kan ƙasa. Da aka fito da shi a 2017 an ware waɗanda suka yi ritaya kafin lokacin, har da mutanen yaƙin basasa. Sai a 2022 aka amince a biya su kashi-kashi. A ganina wannan wariyar ba ta da hujja tun farko. Kwas ɗin koyon sana'a na wata shida a Oshodi, Legas, yana da amfani, sai dai mutum yakan fito da ilimin kiwon kaji ba jari, garatutin da zai zama jarin bai iso ba, ga shi an ce ya bar gidan bariki.

Hajiya_Lauya:
Ba a amsa maganar iyali ba, kuma ita ce mai zafi. Kurtu yakan cike fom tun a Defo na Zariya yana saurayi, ya rubuta mahaifinsa ko wansa a matsayin wanda za a tuntuɓa. Ya yi aure, ya haihu, bai canza ba. Ranar da ya rasu, hukuma sunan da ke fayil take nema, matar da marayu suna gefe. Duk soja ya sabunta fom ɗin nan bayan aure da bayan kowace haihuwa. Dangi kuma su sani, wanda aka rubuta sunansa wakili ne kawai, kuɗin na magada ne, a kai kotu a raba.

Wanda ya rasu a bakin aiki, iyalinsa na da kuɗin mutuwa, da inshorar rai ta rukuni, da kuɗin jana'iza, da tallafin karatun yara. Ba ofishi ɗaya ke biyan su ba, don haka samun ɗaya ba ya nufin sauran na tafe. Kowanne sai an bi shi. A tanadi takardar shaidar mutuwa, wasiƙar ta'aziyya daga bataliya, takardar kotu ta kula da dukiyar mamaci, shaidar aure, takardun haihuwar yara, da asusun banki mai sunan da ya dace da katin shaida. Sojoji 17 da aka kashe a Okuama, jihar Delta, a Maris 2024, shugaban ƙasa ya ba da umarnin a biya iyalansu cikin kwana 90, da gidaje da karatun yara. Haka ya kamata a yi wa kowa, ba sai wanda mutuwarsa ta cika jaridu ba.

In kuma ɗan fansho ne ya rasu kafin ya cika shekara biyar da ritaya, magada na da haƙƙin ragowar fanshon shekara biyar ɗin. A sanar da hukuma da wuri, a daina cire kuɗi da katinsa, domin duk abin da aka cira bayan ranar rasuwa za a zare shi daga haƙƙin marayun.