Limaminmu ya kira sunan ɗan takara a huɗuba, doka ta yarda da haka?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Salam 'yan uwa. Maganar nan tana cina tun zaɓen 2023 lokacin rigimar tikitin Musulmi da Musulmi. Limamin unguwarmu ya hau mumbari ranar Juma'a ya kira sunan wanda za mu zaɓa ƙarara, wallahi ina girmama shi don a gabansa na koyi alwala, amma har yau akwai dattawan da suka sauya masallaci saboda wannan huɗubar. Wani abokin aikina Kirista yace su ma haka faston su yayi. Naji ance a Amurka haraji ake ɗora wa coci in tayi haka, gaskiya ne?

Malamin Firamare, Daura:
Wa alaikumus salam. Kusan haka ne. Can coci da masallaci basa biyan haraji, amma da sharaɗin kada su goyi bayan ɗan takara ko su yaƙe shi. Lyndon Johnson ne ya kawo dokar a 1954 yana sanata. Sai dai da kyar ake aiki da ita, wadda aka fi sani wata coci ce a jihar New York da ta saka talla a jarida kan kada a zaɓi Bill Clinton a 1992, aka janye mata afuwar harajin. Trump kuma tun 2017 yake neman sassauta ta.

Baban Khalifa:
Malam ni dai bana fatan irinta a nan. Liman ɗan ƙasa ne, sashe na 38 na tsarin mulki ya ba kowa 'yancin addini, kuma ran da aka ɗaure bakin malami da haraji to duk wanda ya soki gwamna akan matsalar 'yan bindiga shi za a fara aika wa takarda, masu yabo ko a barsu. Ka tuna yadda ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta tada jijiyar wuya akan dokar CAMA ta 2020, dokar kamfanoni da ƙungiyoyi da ta ba gwamnati damar dakatar da amintattun ƙungiya har da na coci, irin tsoron kenan.

Maman Ummi:
Baban Khalifa ai ba wanda yace liman yayi shiru akan zalunci, ya faɗa, aikinsa ne. Kiran suna ne matsalar, kuma dokar zaɓe ta 2022 ta riga ta hana kamfen a wuraren ibada, aiki da ita ne ba a yi. Masallacin nan da kuɗin 'yan kowace jam'iyya aka gina shi, har da namu na adashi.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Nagode Hajiya. Gobe bayan isha'i zan sami liman a zaure mu biyu, Allah yasa ya saurare ni.