Amaryar gidan sarauta: alkyabba, gwal da fure a zafin Afrilu

Yayar amarya, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Za a kai ƙanwata gidan sarauta a ƙasar Argungu cikin Afrilu, dangin ango sun ce ranar buɗar kai alkyabba za a yafa mata. Ita kuma ta ƙwallafa rai a kan riga mai jela da furen hannu irin na bikin sarautar Ingila. Masana, yaya za a haɗa su ba a ji kunya ba? Wane gwal kuma ya dace?

Mai ɗinki, Gusau:
Wa alaikumus salam, Yaya. Daga alkyabba ake fara lissafi, riga ta biyo baya. Alkyabba tana rufe kafaɗa da baya da hannuwa, saboda haka duk dutsen da aka zuba a nan asarar kuɗi ce: ba mai ganinsa, kuma ya riƙa kama zaren aikin alkyabbar yana zazzago shi. A tara adon a gaba, daga ƙirji zuwa ƙasa. Leshi yadi 5 ya ishi doguwar riga, amma shafin ya zama na auduga. Zafin Afrilu a nan yana haura digiri 40, shafin roba a ƙarƙashin alkyabba kuwa, kafin a gama gaisuwa gumi ya wanke kwalliya.

Batun jela, rigar auren Gimbiya Diyana ta Ingila a 1981 jelarta ƙafa 25 ce, kuma ko da ta sauko daga keken doki duk ta yamutse. To balle amaryar da za ta ratsa zaure, ta durƙusa gaban iyaye, mata na tattake ta ta baya. A ɗinka jelar daban da maɓallai a ƙugu, a maƙala ta ranar dina kawai. Ɗaurin kai ma ya kwanta, gwaggwaro mai tsayi ba ya barin hular alkyabba ta zauna.

Mai sayar da gwal, Birnin Kebbi:
Hajiya, a duba hatimin da ke jikin maƙullin sarƙa: 750 karat 18 ke nan, 875 karat 21, 916 karat 22. Na 22 ya fi ja da kyan ido, amma yana da laushi, siririn awarwaro yakan lotse in aka riƙa damƙar hannun amarya. Na hannu gara 21. A auna a gabanki, a rubuta giram a rasit, kuma ki tambayi nauyin duwatsu, don ranar sayarwa cire su ake yi. Doguwar sarƙa ita ke fitowa ta buɗin gaban alkyabba. Ɗan kunne mai reto kuwa hula ke kamawa. In da wankan gwal a ciki, a shafa humra ta bushe tukuna, turare na dusashe shi.

Mai adon wurin biki, Kauran Namoda:
Ɗanyen fure daga Jos ko Abuja ake kawo shi, tafiyar yini guda. Ya iso ana gobe biki, cikin mota mai sanyi. A yanke gindin a karkace, a tsige ganyen da zai nutse, a tsoma a ruwan sanyi lita 1 da ƙaramin cokali 2 na sukari da ɗigon bilic. Kar a ajiye shi kusa da mangwaro ko ayaba, iskar nunarsu na kakkaɓe shi. Ni dai shawarata, ɗanye na dina, na roba mai kyau na hotunan rana.

Gwaggo, Argungu:
'Yata, duk kun manta abu biyu. Dayis a gwada shi a bayan kunne kwana 2 kafin zane, yakan tayar da ƙuraje, kuma a gama lalle ana jibi don kar ya ɓata farar alkyabba. Sannan ranar buɗar kai hannun amarya a cikin alkyabba yake, kanta a sunkuye, ina za ta riƙe fure? Ku aika wa uwar soro ko jakadiya tun yanzu, ta faɗa muku launin alkyabbar kafin a yanka leshi.