Kuɗin masauki a Mole ya fi ƙarfin asusunmu, ina za mu kwana?

Malam na Aboabo: Salamu alaikum jama'ar zaure. Maganar tafiyar gandun dajin Mole da ke arewacin Ghana ce. Mu goma sha huɗu ne, manya shida, yara takwas, kwana biyu. Na buga waya wuri uku, abin da suka faɗa na ɗakuna kaɗai ya cinye duk abin da muka tara tun watan azumi, ba a ma zo kan mota da abinci ba. Don Allah wanda ya je kwanan nan ya gaya mana inda ya kwana.

Anti Ladi: Wa alaikumus salam Malam. Wane wata za ku?

Malam na Aboabo: Ƙarshen Disamba, in yara sun samu hutu.

Direba Sawaba: To ai kun zaɓi watan da kowa ya zaɓa. Tun 2019 da aka yi shekarar dawowar baƙaƙen fatar Amurka, Disamba ba namu ba ne kuma. Su ƙoshi da biki a Ankara (Accra), sannan su hau jirgi zuwa Tamale su je kallon giwa.

Alhaji Mai Goro: Malam, bari in ba ka labarina don kada abin da ya same ni ya same ku. Na fara zuwa a 2018 ni da abokaina biyu, abin da muka biya bai dame mu ba ko kaɗan. Daɗin da na ji ne ya sa na yi wa iyali alkawari. Sai a 2022 Allah ya nufa. Tun Oktoba na kira wani masauki, muka yi ciniki ɗaki biyu, na tura rabin kuɗi ta momo, wato ta waya. Ban ce a rubuta mini komai ba, don ni ɗan kasuwa ne, a wurinmu magana ita ce takarda.

Kun san yadda shekarar nan ta kasance. Dala da ke wajen sidi 6 a farkon shekara ta kusa taɓa 15 a Nuwamba, a Disamba kuma hauhawar farashi ta wuce kashi 54 cikin ɗari. Muka tashi daga Kumasi bayan asuba, taya ta fashe mana bayan Kintampo, muka ɓata lokaci a Buipe, ba mu isa ba sai bayan isha. Yaron da ke kan tebur ya buɗe littafi ya ce farashinsu da dala ake lissafa shi, abin da na tura yanzu bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Sannan ya jero haraji a kai. Na ce ina mai wurin? Ya ce yana Ankara, wayarsa a kashe.

Ga surukata a mota, ƙafafunta sun kumbura saboda zama. Ga yara sun yi barci a jikin uwarsu. A Kumasi ne sai in fita in tsallaka titi in samu wani wuri. Can kuwa ina za ka da dare, daji gaba daji baya? Shi ma yaron ya san haka. Na biya. Kuɗin man komawa ma sai da ɗana ya turo mini washegari. Ƙarfe biyun dare wuta ta ɗauke, ba a tada janareto ba, da safe famfo ba ruwa. Kwana uku muka shirya, ɗaya muka yi.

Amma wallahi da safen nan, da muka bi ma'aikacin gandun dajin da bindigarsa muka gangara tafki da ƙafa, giwaye biyar suna wanka, ƙaramar 'yata ta riƙe mini riga ta kasa magana. Har yau tana ba ƙawayenta labari. Shi ya sa abin yake ci mini rai. Wannan daji shi ne mafi girma a Ghana, namu ne, amma ana so ya zama sai mai dala ne zai kai ɗansa.

Inna Mai Koko: Sannu Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Yaya ƙafar Hajiya babba yanzu?

Alhaji Mai Goro: Da sauƙi Inna, na gode.

Ɗan Asawase: Baba Alhaji ai wannan laifi ne ma a doka. Babban Bankin Ghana ya sha fitar da sanarwa cewa ba a yanka farashi da dala a cikin ƙasa sai da izininsa.

Direba Sawaba: Je ka karanta musu dokar da ƙarfe taran dare da yara a mota.

Yaya Damango: Ku yi haƙuri in sa baki, na yi shekara uku ina aiki a wani gidan baƙi a can. Abin da aka yi wa Alhaji zalunci ne, in an yi ciniki an gama. Amma tsadar kanta ba duka haɗama ba ce. Gas, man janareto, ruwan kwalba, sabulu, hatta zanen gado daga Tamale ko Techiman ake ɗauko su. Injin sanyaya ɗaki ya lalace, mai gyara daga Tamale zai zo, ka biya motarsa ka biya kwanansa. Da damina ciyawa ta yi tsawo, ruwa ko'ina, dabbobi sun watse cikin daji, sai mu yi sati ba baƙo ko ɗaya amma albashi na tafiya. Abin da aka samu daga Disamba zuwa Afrilu shi ke riƙe shekara. Ga VAT, ga na inshorar lafiya, ga na asusun ilimi na GETFund, ga kashi 1 na yawon buɗe ido. Ɗakunan da ke cikin gandun kuma ba su da yawa, duk wanda ya zo nan yake so.

Alhaji Mai Goro: Na ji, ɗana. To a 2025 da sidi ya farfaɗo, dala ta sauko daga wajen 15 zuwa ƙasa da 11, ɗakin wa ya sauko?

Anti Ladi: Goronka ya sauko Alhaji? 😄

Alhaji Mai Goro: Ladi zo shago gobe ki tambaya da bakinki.

Ɗan Asawase: Ni dai ku bar Mole ku je Wli ta wajen Hohoe. Ruwan da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, ga jemagu a jikin dutse.

Direba Sawaba: Daga Kumasi? Ka san hanyar kuwa? Wannan tafiyar 'yan Nima da Madina ce. Can ma da Ista ba ka samun ɗaki.

Inna Mai Koko: Ga tafkin Bosomtwe nan a bayan gida, ku je da safe ku dawo da magariba, kowa ya kwana a gadonsa.

Malam na Aboabo: Inna sun je sau biyu da makaranta. Giwa na yi musu alkawari.

Yaya Damango: To Malam kada ku kwana cikin gandun. Ku sauka Larabanga, 'yan mintuna ne a mota zuwa ƙofar shiga, ko cikin Damango, tunda ta zama hedikwatar jihar Savannah gidajen baƙi sun ƙaru. Tun da aka kwalta hanyar Fufulso zuwa Sawla tafiyar ba wahala. Ku yi asuba ku shiga, zagayen safe ƙarfe bakwai ake fita. A Larabanga akwai masu ba da ɗaki a cikin gida, wasu har a saman soro suke shimfiɗa wa baƙi, sai dai da sanyin hunturu ku ɗauki bargo. A kai yara ƙauyen Mognori su shiga kwalekwale.

Malam na Aboabo: Madalla. Ga kuma tsohon masallacin Larabanga, su gani da idonsu.

Ɗan Asawase: Wanda aka ce tun 1421? Ni ban yarda ginin laka ya kai haka ba.

Yaya Damango: Haka mutanen garin suka gada. Ana yi masa yaɓe ana gyarawa, ba barinsa aka yi ba.

Ɗan Asawase: To in an sake yaɓe sau ɗari, wane gini ne na 1421?

Anti Ladi: Kai dai kowace magana sai ka ja. Haka ka yi mana ranar wasan Kotoko.

Alhaji Mai Goro: Ku bar wannan. Malam, ko gidan wa za ku sauka, a rubuto maka jimlar kuɗin da sidi, har da haraji, da adadin ɗakuna da kwanan wata, a WhatsApp, kafin ka tura ko kobo. Kuma ku tashi da wuri ku isa da rana tsaka, yadda in an canza magana kuna da ƙafar tafiya wani wuri.

Direba Sawaba: In za ku iya ɗagawa zuwa Fabrairu, tsakiyar mako, baƙi sun ragu, tafkuna sun ja baya, giwa da kanta take zuwa. Abinci ku dafa daga gida, amma a rufe mota, birai suna buɗe jaka.

Malam na Aboabo: Fabrairu yara suna aji. Zan tambayi iyayensu ko za su yarda da Juma'a zuwa Lahadi. Yaya, turo mini lambar mutanen Larabanga ta gefe.

Inna Mai Koko: Duk ranar da kuka sa, a taho mini da man kaɗanya galan ɗaya, na nan duk an haɗa shi da wani abu.

Yaya Damango: Malam na tura. Ka kira bayan la'asar, da safe yana gona.