5400 ko 7200: wa ya taɓa gwada su biyun a laftof?

Ɗan Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan uwa. Had-dis ɗin laftof ɗina ya fara ƙara, ƙas-ƙas, kamar ɓera a kwali. Mai gyara ya ajiye min guda biyu, duk giga 500, ɗaya 5400 ɗaya 7200, na biyun ya ɗan fi tsada. Wanda ya taɓa amfani da su ya ba ni labari kafin in biya.

Bazazzage: Wa alaikumus salam. Lambar nan yawan juyin faifan ne a minti ɗaya. Na yi shekara biyu da mai 7200. Wajen kwafar manyan bidiyo ya ɗan fi, ban musa ba. Amma cinyata ta gaya min. Inda nake ɗora tafin hannu kullum da ɗumi, in zafin Afrilu ya kama kuwa fanka ba ta yin shiru. Batir ma ya rage jimawa, abin da ba ka ganewa sai an ɗauke wuta kana tsakar aiki.

Maman Biyu: Malam, ni da 5400 na rubuta furojet ɗina a kan Windows 10. In na kunna sai in tafi in ɗora ruwan shayi, in dawo Task Manager, shafin da ke nuna aikin da kwamfuta ke yi, yana nuna dis 100%, linzami ya ƙame. Ƙanena ya sa min SSD, wato ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyi, mai giga 256, shi ke nan, kafin in gyara zama ta gama buɗewa. Faifai mai juyi da ƙyar yake wuce megabait ɗari da ɗoriya a sakan, SSD na SATA, wato irin wanda ke shiga mazaunin had-dis, yana kai 500. Tazarar 5400 da 7200 ba ta kai a yi mata gardama ba.

Na Maraɗi: Ko wanne za ka ɗauka, duba kauri. Akwai milimita 7, akwai 9.5. Na taɓa sayen mai kaurin, murfi ya ƙi rufuwa.

Bazazzage: Hajiya ta yi gaskiya. Yanzu SSD ke ɗauke da Windows ɗina, na cire wurin DVD na sa 5400 a cikin kadi, wato ɗan akwatin da ke riƙe had-dis a gurbin DVD ɗin, can hotunan biki suke. Kuma in tokumbo ne, kada ka yarda da ƙyallin leda. Sa masa CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar had-dis, a gaban mai shagon, ka ga awa nawa ya yi yana aiki. Ka ga ta nuna kalar rawaya, alamar gargaɗi, ajiye masa abinsa.

Ɗan Gwammaja: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tawa tana da wurin DVD. Yau dai in fara kwashe fayilolina tun bai mutu ba. Kadin nan nawa kuka saya?