Tambayoyin "duk" da "wasu" a jarrabawar neman aiki: kowa ya faɗi yadda ta kaya masa

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar zan zauna jarrabawar neman aiki ta wani banki, a kan kwamfuta, a Ikeja. Lissafi ba ya ba ni tsoro, Turanci ma ina lallaɓawa. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne tambayoyin nan da za a ba ka jimla biyu, a ce ka ɗauka gaskiya ne, sannan a jero sakamako a ce wanne ne ya zama dole. Bara na yi irinta bayan na gama bautar ƙasa, na fito ina washe baki, ashe a nan aka yi mini sakiyar da ba ruwa. Wanda ya taɓa shiga, don Allah ya ba mu labari.

'Yar Obalende:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ni sanin Legas ne ya kayar da ni. Ba danfo, ƙananan bas ɗin hayar nan na Legas, aka rubuta a tambayar ba, amma ƙirarta ke nan, ni na mayar da ita haka don ta zauna mini:

Duk danfo ruwan ɗorawa ne.
Wasu motoci masu ruwan ɗorawa suna zuwa Oshodi.
Saboda haka wasu danfo suna zuwa Oshodi.

Ni da kwandasta ke cika wa kunne da "Oshodi! Oshodi!" kowace safiya, ai ko numfashi ban ja ba na danna cewa haka ne. Kuma a titi haka ɗin ne. Amma jimlolin biyu ba su tilasta shi ba. Motocin da aka ce suna zuwa Oshodi suna iya kasancewa tasi ne gaba ɗaya, ba danfo ko ɗaya a ciki, kuma ba ka ƙaryata jimla ta farko ko ta biyu ba. Sai da na yi kwana biyu ina musu da mai gidana kafin na yarda. Tun daga ranar, duk sakamakon da na ji zuciyata ta yi saurin amincewa da shi, shi nake fara tuhuma. Wanda kuwa ya yi kama da shirme, irin "wasu kifaye lauyoyi ne", ba na watsar da shi sai na duba, don sau da yawa shi ne amsar.

Yaron Mile 12:
Anti kin tuna mini nawa. Ni kalmar "wasu" ce ta ci ni. Na tashi a rumfar albasar babanmu, kuma a kasuwa idan ka ce wa dillali "wasu buhunan sun ruɓe", ya gane cewa sauran lafiyarsu lau. In duk ne suka ruɓe ka ce "wasu", to maƙaryaci kake, gobe ba mai saye a hannunka. A jarrabawar nan ba haka take ba. "Wasu" na nufin aƙalla ɗaya, kuma ƙofa a buɗe take ya zama duka ne. Aka ba ni "wasu ma'aikata sun makara", na zaɓi "wasu ma'aikata ba su makara ba" a matsayin abin da ya tabbata. Bai tabbata ba. Har yau abin yana yi mini banbaraƙwai a kunne, sai dai na daina gardama da shi.

Malamin Idi-Araba:
Barkanku da wannan zance. Ni ban taɓa neman aikin banki ba, amma ɗana ya kawo mini irin tambayoyin a wayarsa yana ta tsaki, da na sa ya fassara mini sai dariya ta kama ni. Wannan ai kiyasi ne na ilimin manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, wanda muka karanta a zaure a Zariya. Littafin da aka biya mana shi ne Sullam, kuma wanda ya nazamta shi shi ne Shehu Abdurrahman al-Akhdari, mutumin Aljeriya na ƙarni na 16, mai Ahalarin nan da kowannenku ya karanta hukuncin tsarki da salla a ciki. Asalin fannin kuwa daga Aristotal ne na ƙasar Girka, wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Larabawa suka fassara, irin su Farabi da Ibn Sina suka yi masa hidima.

Kada ku haɗa shi da kiyasin fiƙihu, inda ake auna sabon abu da tsoho don illarsu ɗaya. Wannan daban ne. Jimlolin biyu muna kiransu sugra da kubra, abin da suka haifa natija, kalmar da ta maimaitu a cikinsu kuma ita ce haddul wasaɗi. Ita ce 'yar aike tsakani, kuma ba ta fitowa a natija. A misalin 'yata ta Obalende, 'yar aiken ita ce "ruwan ɗorawa", kuma babu jimlar da ta yi magana a kan dukkan masu ruwan ɗorawa. Shi ya sa saƙon bai isa ba.

Abin da na haddace wa ɗana bai fi a ƙirga da yatsu ba. Jimla biyu masu korewa ba sa haihuwa. Jimla biyu masu "wasu" su ma ba sa haihuwa. Sannan natija kullum tana bin mai rauni: in ɗaya ta kore, natija korewa za ta yi, in ɗaya "wasu" ce, natija ba ta isa ta ce "duk" ba. Da wannan kaɗai yaron ya riƙa zubar da rabin zaɓin kafin ya fara tunani.

Ɗan Agege:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Wallahi ban taɓa sanin mai Ahalari ya taɓa wannan fanni ba.

Injiniyan Apapa:
Allah ya gafarta Malam, ƙa'idojin nan daidai suke, amma ni in agogo yana gudu a saman allon kwamfuta, hadda guduwa take yi ta bar ni. Da'ira nake zanawa. Hanyar John Venn ce, malamin Kambirij ta Ingila, da ya fitar a 1880: da'ira uku masu shiga juna, kowane jinsi da tasa. "Duk" ko "babu" ka shafe ɓangaren da ba kowa, "wasu" ka sa alama. In ba ka san wane gefe alamar za ta faɗa ba, ka ɗora ta a kan layi, wannan layin shi ne "ba a sani ba".

A jarrabawar da na ci, takarda ɗaya tal suka ba mu ta gwaji, na cinye fuska ɗaya da manyan da'irori a tambaya huɗu na farko, sai na koma zana ƙanana kamar kwabo. Daga baya na gane ba sai na tabbatar da sakamako ba, karya shi nake nema. In na iya zana hoto ɗaya da jimlolin biyu suke gaskiya amma sakamakon ƙarya ne, shi ke nan ya faɗi, na wuce.

Juyawa kuma a yi hattara da ita. "Babu direba da yake fasinja" ka juya ta yadda kake so. "Wasu 'yan kasuwa alhazai ne" ita ma tana juyuwa. Amma "duk ɗan Agege ɗan Legas ne" ba ta ba ka "duk ɗan Legas ɗan Agege ne", ko da mai tambayarmu zai so haka.

Maman 'yan biyu, Yaba:
Ni nawa ba na kai ba ne, na ƙafa ne. Cunkoso ya riƙe ni a gadar Third Mainland, na shiga ɗakin ana shirin rufe ƙofa, jikina na rawa. "Ba duk ba" na karanta ta "babu ko ɗaya" har sau biyu. Ku fita da asuba.

Yaron Mile 12:
Akwai wata da har yanzu take ɗaure mini kai. In an ce "duk A, B ne", shin "wasu A, B ne" ya biyo? Wata takardar gwaji ta ce eh, wata ta ce a'a. Na ɗauka kuskuren bugu ne.

Injiniyan Apapa:
Ba kuskure ba ne, saɓanin mazhaba ne. A tsarin Aristotal ya biyo, don an ɗauka akwai A ɗin a duniya. Masu manɗiƙin zamani suka ce "duk" ba ta yi alkawarin akwai kowa ba. In maigadi ya ce "duk wanda ya haura katanga za a kama shi", bai ce wani ya haura ba. Shi ya sa cikin siffofi 256 da kiyasin zai iya ɗauka, tsohon lissafi ya inganta 24, sabon ya tsaya a 15. Ni dai nakan karanta bayanin farko da misalin gwajin da suke bayarwa kafin agogo ya fara, a nan nake shinshino mazhabarsu. Yawancin waɗanda na gamu da su a jarrabawar aiki sun karɓe shi a matsayin ya biyo.

Malamin Idi-Araba:
Mu a zaure ya biyo. Amma misalin katangar nan ya shige ni, zan kwana da shi.

Ɗan Agege:
To bari in gwada a gabanku. Babu mai okada da yake hawa wannan titi. Wasu masu hawa wannan titi 'yan Kano ne. Na ce: wasu masu okada ba 'yan Kano ba ne. Na ci?

'Yar Obalende:
Ka juya ta baibai, ƙanena, kuma okadan Agege da ka sani ne suka ja ka. Abin da ya tabbata shi ne wasu 'yan Kano ba masu okada ba ne, wato waɗanda ke hawa titin. Masu okada kuwa jimlolin ba su hana su zama 'yan Kano kaf ba. Zana da'irarka ka gani, sannan ka turo wata kafin Asabar.