Likitocin unguwa mata masu aikin rabin lokaci a Ingila: albashi rabi, aiki nawa?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina so kowace ta faɗi abin da ta gani da idonta. Ni likitar GP ce, wato likitar unguwa, mai karɓar albashi, ina yin zama biyar a mako, alhali a tsarin kwantiragin da ƙungiyar likitoci ta BMA ta shimfiɗa zama tara ne cikakken aiki, kowane zama kuma awa huɗu ne da minti goma. A takarda ke nan. A zahiri, idan na sallami marar lafiya na ƙarshe sai in tarar da sakamakon gwajin jini, da wasiƙun asibiti, da takardun magani masu jiran sa hannu, kuma babu ɗaya cikinsu da ya san cewa ranar Laraba ba ta aiki ce a wurina ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne jin ana cewa masu rabin lokaci ba su riƙe aikin da muhimmanci ba.

Anti Binta:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na fara wannan aiki tun kafin sabon kwantiragin likitocin GP na 2004, lokacin da kiran dare da na ƙarshen mako ke wuyan likitocin kowace cibiya. A inda na yi aiki ina cikin masu hannun jari a cibiyar, kasona na riba rabi ne, amma da aka zo rabon kiran dare sai aka raba daidai wa daida, wai ciwo ba ya duba jadawali. Na yi shiru a lokacin saboda ni kaɗai ce mace a cikinsu. Akwai kuma wani nauyi da ba a lissafawa: mata marasa lafiya sun fi neman likita mace idan matsalar ta shafi mahaifa, ko tsarin iyali, ko damuwar da ke biyo bayan haihuwa, kuma irin wannan ganawa ba ta ƙarewa cikin minti goman da aka ware. Sai a ce kina da jinkiri, a manta da irin mutanen da ake turo miki.

Baban Amir:
Da izininku, 'yan'uwa mata, zan kawo ɗaya ɓangaren. Ina cikin masu hannun jari a cibiyarmu, kuma mu ba ma'aikatan NHS, hukumar lafiya ta ƙasa, ba ne, kwangila muke yi da ita. Hayar gini, albashin ma'aikata, da shirin zuwan masu bincike na CQC, hukumar da ke duba ingancin cibiyoyin lafiya, duk a kanmu suke, kuma idan wata ta tashi ƙarfe ɗaya, marar lafiyarta da ya bugo waya ƙarfe huɗu ni zai samu. Ban ce ba ku aiki ba, amma a yi adalci ga wanda ya rage a ginin.

Maman Hanifa:
Gaskiya ne, Yaya, kuma ban raina wannan nauyi ba. Sai dai taron cibiya da ake sawa a ranar hutuna ina zuwa ba tare da an biya ni ba, tantancewar shekara-shekara da sabunta lasisi duk bayan shekara biyar ba a rage mini komai a cikinsu ba, karatun ƙarin ilimi ma haka. Rahoton da Farfesa Jane Dacre ta jagoranta, wanda ya fito a 2020, ya nuna giɓin albashi tsakanin maza da mata a likitocin GP ya kai kashi 33.5 cikin ɗari, kuma ko bayan an daidaita yawan awoyin aiki ya rage wajen kashi 15. Wannan ragowar ba a iya jingina ta ga rabin lokaci.

Ummu Khalil:
Ni abin da ya hana ni shiga tarayyar masu hannun jari a cibiya shi ne hutun haihuwa. Da aka yi mini tayi na karanta yarjejeniyar, sai na ga idan kuɗin da hukuma ke mayarwa bai ishi biyan likitan da zai riƙe mini wuri ba, daga aljihuna zan cika. Na zaɓi zama mai albashi, na san kuwa kuɗin ya fi ƙanƙanta. A nan babu kaka ko ƙanwa da za a bar wa yaro kamar a gida, kuɗin gidan reno kuma yana cinye kaso mai yawa na abin da zan samu idan na ƙara kwana ɗaya.

Anti Binta:
Abin da ya yi mana amfani daga baya shi ne mun zauna mun ƙidaya yawan sakamako da wasiƙun da ke shiga akwatin kowa na tsawon wata guda, aka sake rabo bisa yawan zaman kowane likita, aka kuma haɗa masu rabin lokaci biyu-biyu domin ɗaya ta duba na ɗaya a ranar da ba ta nan. Baban Amir, wannan zai rage maka kiran ƙarfe huɗun. Maman Hanifa, ki nemi a rubuta lokacin aikin takardu da na taro a cikin jadawalinki kafin ki sabunta kwantiragi.