Camaro ƙirar 1969: in gyara kafiretarta ta asali ko in sayi sabuwa?

Baban Hanifa, Houston:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga iyayenmu makanikai da suka san aikin kafireta tun kafin zuwan injin kwamfuta.

Na sayi Chevrolet Camaro ƙirar 1969 a hannun wani dattijo a nan Texas. Injinta V8 ne, wanda ake kira 350, wato lita 5.7, giyarta kuma otomatik ce, Turbo 350. Ba a taɓa buɗe injin ba, manifol ɗin ma, wato bututun da ke raba iska da fetur zuwa silindoji, na ƙarfe ne na asali, a kansa akwai kafireta Rochester Quadrajet mai maƙogwaro huɗu. Motar ta daɗe a ajiye cikin gareji ba a tayar da ita.

Ga abin da take yi. Idan ta kwana, sai na yi ta murza makulli kafin ta kama. In ta kama, silo ba ya zama wuri ɗaya, yana hawa yana sauka. A kan titi idan na taka totur har ƙasa sai ta shaƙe kamar za ta mutu, sannan ta zabura. Salansa na fitar da baƙin hayaƙi, fulogan da na kwance duk sun yi baƙi, garejin kuwa warin fetur ya cika shi har maman yara ta hana su shiga.

Wani maƙwabcina ya ce in jefar da kafiretar in sa wata sabuwa, Holley 750 Double Pumper, wai ita ce ta dace da irin wannan mota. A shagon kayan gyara kuma an nuna mini Edelbrock 1406 mai 600. Ni dai ba tsere zan yi ba. Fita ce ta ƙarshen mako, sai zuwa taron masu tsofaffin motoci. Wacce zan ɗauka?

Baba Makanike, Ƙofar Ruwa, Kano:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya alheri, ya tsare. Ni ban yi aiki a kan Camaro ba, a kan Solex ta Fijo 504 da ta Bitil gashina ya yi fari, amma fetur da iska halinsu ɗaya ne ko'ina. Kafin ka ciro ko dala ɗaya, ka duba wuta. Mota ta 1969 in ba a canza mata ba, kontak take amfani da shi. Kontak da ya cinye, kondensa da ta gaji, tayimin da ya goce, duk suna kawo silo mai rawa da baƙin fulogi, mutum ya rantse kafireta ce. Ka sa sabon kontak da fulogai, ka daidaita tayimin da fitilarsa, ka bi duk ƙananan tiyon iska ka ga ko akwai wanda ya tsage. Sannan ka zaro sandar auna baƙin mai ka sansana. In ka ji warin fetur, kada ka ƙara tayar da ita sai ka juye man, domin fetur yana wanke jikin silinda, yana kuma tsinka man har ya kasa riƙe ƙarafa.

Ka ajiye abin kashe gobara kusa da kai duk lokacin da za ka taɓa ta. Kuma kada ka kuskura ka leƙa cikin kafireta injin yana aiki.

Injiniya, Kaduna:

Baba ya faɗi gaskiya. Ni kuma zan tsaya a kan maganar 750 ɗin nan, domin a nan ne mutane suka fi asarar kuɗi. Lambar da ake rubutawa a kan kafireta, CFM, yawan iskar da za ta iya wucewa ta cikinta ne a minti ɗaya. Injin kuwa yana da iyakar abin da zai iya zuƙa, kuma lissafinsa ba wuya. Ka ninka girman injin da iyakar juyin da zai yi a minti, ka raba da 3,456. Naka 350 ne, a ce ka kai shi juyi 5,500, wanda ma ba kasafai za ka kai ba: ya ba ka kusan 557. Wannan in silinda tana cika fal ke nan, alhali injin da ba a taɓa ba abin da yake cikawa bai fi kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari ba. Sai lissafin ya sauko wajen 470. Ka ga 600 ma ta ishe ka har da ragowa.

Abin da ke jawo fetur daga kwanon man kafireta zuwa maƙogwaro shi ne gudun iska. In ramin ya yi faɗi da yawa, iska tana tafiya a sanyaye, jan ya yi rauni, fetur ya fito guda-guda ba feshi ba. Double Pumper kuwa maƙogwaronta na baya da ƙarfe aka haɗa shi da totur, da ka taka zai buɗe, ko injin yana buƙata ko ba ya buƙata. An yi ta ne don mota mai giyar hannu ko wadda aka shirya wa tsere, inda injin ke zaune a sama. A motarka mai otomatik da injin asali, shan mai kawai za ka ƙara, shaƙewar da kake kuka da ita kuma tana iya fin ta yanzu.

Baban Hanifa, Houston:

Na gode Baba, na gode Injiniya. To amma na karanta cewa Quadrajet ɗin da ke kai ita ma 750 ce. Me ya sa kamfani ya sa ta, in har ta yi yawa?

Injiniya, Kaduna:

Tambayar ta yi kyau. Ka cire murfin iya kilina ka duba ta sama, injin a kashe. Za ka ga ramuka biyu na gaba ƙanana, inci 1 da 3/8, na baya kuma manya, inci 2 da 1/4, da wani faifai a rufe a kansu. Tuƙinka na yau da kullum a kan ƙananan nan yake, shi ya sa take da amsawa da sauri da kuma tattalin mai. Faifan da ke kan manyan ba ƙafarka ce ke buɗe shi ba, jan iskar injin ne, kuma gwargwadon buƙata yake buɗewa. Saboda haka ne General Motors suka iya ɗora kafireta iri ɗaya, tun daga 1965, a kan ƙananan injina da manya. Sunanta 750, amma injinka abin da yake so kawai yake ɗiba.

Alhajin Detroit:

Baban Hanifa, ƙanena, don Allah kada ka jefar da kafiretar nan. Duk abin da ka lissafa, ciwon tsufa ne da zama, kuma kowanne an san maganinsa.

Wuyar tashi bayan ta kwana: a ƙarƙashin kwanon mai akwai wasu ƙananan matosai da aka toshe ramukan aiki da su tun a masana'anta. Da shekaru sukan saki, fetur ya riƙa ɗiga cikin manifol cikin dare, da safe kwano ya wayi gari a bushe, sai famfon mai ya sake cika shi kafin ta kama. Gwajinsa mai sauƙi ne. Ka sauke kafiretar, ka zuba fetur a kwanon, ka ɗora ta a kan katako biyu da farar takarda a ƙasa, a waje inda iska ke kaɗawa, ka dawo bayan 'yan awoyi. In ka ga tabo, ka kama ɓarawon. Ana toshe su da gam mai jure fetur, ko a yi musu zare a sa sababbi.

Silo mai rawa: ka kama sandar totur ta gaba da yatsu ka girgiza sama da ƙasa. In tana wasa, ramin da take juyawa a ciki ya cinye, iska tana satar hanya ta nan. Ana faɗaɗa ramin a sa bush na tagulla. Wannan aikin ka kai wa wanda ya saba, yana buƙatar kayan aiki na musamman.

Baƙin hayaƙi da wari: ko fulot, wato abin da ke shawagi a kan mai a kwano yana tsayar da shigarsa in ya cika, ya sha mai ya yi nauyi ya nutse, ko allura da mazauninta sun daina rufewa, sai kwano ya yi ta ambaliya. Shaƙewar nan kuma da ka taka, yawanci faifan baya ne ke faɗawa da wuri, ko dai sifirin ɗinsa ya saki, ko kuma ɗan gwangwanin nan mai roba a ciki da ke gefen dama, wanda ke janye cok, ya huje. Mutane da yawa ba su san shi ne kuma ke riƙe faifan kada ya buɗe farat ɗaya ba. Ka cire tiyonsa ka tsotsa, in sandar ba ta shige ta tsaya ba, ya mutu.

Abu ɗaya da zan ƙara: fetur ɗinmu na nan Amurka galibi akwai kashi 10 na itanol a ciki, yana cinye tsohuwar roba. In za ka sayi kayan gyaran, ka nemi wanda aka ce yana jure itanol, musamman kofin famfon feshi, wanda ke watsa fetur da zarar ka taka totur. Kuma ka yi hankali da babban notin da tiyon mai ke shiga, akwai ɗan matacin mai a cikinsa. Sifana biyu ake sawa, ɗaya ta riƙe ɗaya ta kwance, in ba haka ba zaren jikin kafiretar ya lalace.

Ka duba gefen direba a jikinta, akwai lamba mai harafi bakwai da aka buga a tsaye. In ta fara da 7029, ta shekarar 1969 ce. Masu sayen irin motar nan suna duba wannan lambar, tana ƙara wa mota daraja.

Abu Sultan, Atlanta:

Yaya Alhaji, ina girmama maganarka, amma ni ina da ɗan ja. Ba kowa ne ke da haƙurin Quadrajet ba, masu iya ta kuma suna ƙaranci. In aka samu murfinta ya lanƙwashe saboda ɗaurin noti fiye da ƙima, ko zaren notin mai ya riga ya tafi, kuɗin gyara na iya kamo na sabuwa. Mutumin da yake son ya tayar da motarsa ranar Asabar ya fita da iyalinsa, Edelbrock 1406 ba ta da laifi. Tsarin tsohuwar Carter AFB ne, ba ta da gasket a ƙasan layin mai balle ta yi yoyo, kuma ana canza allurorinta da sifirin daga sama ba sai an zubar da mai ba. In kuma Holley yake so, akwai mai 600 wadda jan iska ke buɗe bayanta, ita ce daidai shi, ba Double Pumper ba.

Sai dai ya san abin da ke biyo baya. Su biyun ramukansu huɗu kusan girmansu ɗaya, manifol ɗinsa kuma an yanka shi ne don ƙanana biyu da manya biyu. Dole ya sa adafta, ko ya canza manifol zuwa irin Performer 2101 da ke karɓar kowacce. Adafta na ƙara tsawo, sai ya auna ko bonet zai rufu: ya ɗora ɗan curin laka a kan iya kilina, ya rufe a hankali, ya ga yadda ta baje. Edelbrock ba ta son matsin mai ya wuce 6 a ma'aunin psi, in famfonsa ya fi haka sai ya sa abin rage matsi. Cok ɗinta na lantarki ne, yana son cikakken bolt 12 da ke zuwa in an kunna makulli, kada a ɗauko daga kan kwayil, domin a motar kontak wayar da ke zuwa can an rage mata ƙarfi. Ga kuma wayar da ke sauko da giya in an taka, ta Turbo 350, sai an nemi maƙalarta an daidaita. A zafin Houston kuwa ya sa faifan katako ko na roba mai hana zafi a ƙarƙashinta, don kada mai ya tafasa a kwano bayan an kashe mota.

Alhajin Detroit:

Abu Sultan, duk abin da ka faɗa haka yake, kuma ka ga da bakinka ka lissafo adafta, maƙala, waya, faifai, sabon tiyon mai. Wadda ke kai yanzu ba ta buƙatar ko ɗaya, an ƙera ta ne tare da injin. Na yarda da kai a abu ɗaya: in jikinta ya tsage ko ya lanƙwashe, ya sayi 600 ɗin, ya naɗe tsohuwar a leda ya adana, ranar da zai sayar da motar ya haɗa da ita. Amma a fara buɗewa a gani.

Baban Hanifa, Houston:

Allah ya saka muku da alheri. Na duba yanzu da tocila, lambar da 7029 ta fara. Sandar totur tana wasa sosai, har ina jin ƙararta. Na tsotsi tiyon gwangwanin, iska wucewa kawai take yi. Baba, baƙin man ma akwai warin fetur, na ajiye makulli. Maganar 750 na bar ta. Zan fara da kontak da fulogai da juye mai, in sauke kafiretar in yi gwajin takarda, in nemi mai sa bush. In an buɗe aka ga murfin ya lanƙwashe, zan koma kan shawarar Abu Sultan.

Baba Makanike, Ƙofar Ruwa, Kano:

Madalla, ɗana. In ka sauke ta, ka cusa tsumma mai tsabta a ramukan manifol kada noti ko washa ya faɗa ciki. Ka ɗauki hoton kowane tiyo da sifirin kafin ka cire. Tunda motar ta daɗe a ajiye, ka sauke tankin ma a wanke, ka busa layin mai, ka sa sabon mataci, domin tsatsar da ke kwance a can ita za ta sake toshe allurar ko da ta gyaru. Ka turo mana hoton ƙasan kwanon in ka buɗe.